Ruwan Bayan Munira

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Majo Sani, shugaban wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Droum, ya faɗo ofishin Insifekta Abdul'aziz a Damagaram yana haki. Wai an sace masa kwalba daga cikin jakarsa.

Insifekta ya so ya yi dariya, amma bayani ya hana shi. Ruwa ne aka zuƙo daga ƙashin bayan wata yarinya, Munira, da ake zaton sanƙarau ya kama. Sai an auna shi a labo, ɗakin gwaje-gwaje, za a san irin ƙwayar cutar da rigakafin da za a kai ƙauyen. Yarinyar ta galabaita, ba za a iya sake huda bayanta ba. Ruwan kuma ba ya son zafin rana, ba ya son ƙanƙara.

A tasha, direban da ya kawo majo da yarinyar da kakarta asibitin Damagaram ya rantse bai taɓa jakar majo ba. Da aka matsa shi, ya ce ya mayar da ita baya, kusa da kakar yarinyar, don ya cusa fasinja a gaba.

Insifekta ya buɗe jakar. Wayar majo na ciki. Ɓarawon tasha ba ya barin waya ya ɗauki kwalba. Ya sunkuya ya shaƙa, sai ƙamshin humra.

A asibiti suka tarar da kakar, Ya Zara, a bakin gado, ƙamshin nan ya cika wurin.

"Iya, kin ga wata kwalba?" in ji Insifekta.

"Ni da ko gabana ba na gani, ɗana?"

"To me kike dafewa a ƙugu tun shigowarmu?"

Sai ga hawaye. Ta ce an gaya mata wadda aka ɗebe wa ruwan baya ba ta haihuwa. Nufinta ta zuba wa Munira a kunu ya koma inda ya fito.

"Kin buɗe?"

"Jira nake ta farka."

Ta kwance bakin zane. Kwalbar na rufe, da ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza. Majo ya duba ta, ya zauna daɓas yana hamdala. Ɗumin jiki bai ɓata ruwan ba, shi ne ma ɗumin da ruwan ke so. Ya rantse mata Munira za ta haihu in Allah ya so.

Tsohuwa ta miƙa hannuwa biyu. "Kama ni za ka yi?"

"Ƙwarai, Iya," in ji Insifekta, ransa fari tas. "Mayar da ita inda take, mu tafi labo. Ba mu da jakar da ta kai ƙugunki."