Motar da Na Kashe wa Ƙara

Aiken ba wani abin a zo a gani ba ne. Na rufe shago da yamma, maiɗakina ta ce in biya gidan Inna in ɗauko 'yarmu kafin duhu ya yi. Inna mahaifiyata ce, tana zaune can bayan gari, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. A wurinta yarinyar ta wuni. Tsuntsuwa muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa tun daga asuba. Ba ta daɗe da cika shekara uku ba.

Na karɓi aiken hannu bibbiyu, ba don komai ba sai don motar. A ranar na gama aikinta, dama dalilin hawa hanya nake nema.

Ɗinki ne sana'ata, amma ciwona mota. Ba manyan nan masu ƙyalli ba. Ƙananan tsofaffi nake so, waɗanda masu su suka gaji da su. In saya, in kwance, in ɗaura, in sake kwancewa. Maiɗakina takan ce da mota tana da baki da tuni ta kai ƙarata, don ban taɓa barin wata ta huta ba.

Wannan ɗin a hannun wani dattijo mai sayar da katako na saye ta. Inji lafiya lau, jiki babu tsatsa, giya tana shiga sumul. Amma ƙara, sai wanda ya ji. Salansa, wato tukunyar hayaƙi mai rage ƙara, a fashe, ƙofofi suna kacau-kacau, gaban sitiyari yana karkarwa. Ranar da muka fita gwaji dattijon ya zauna gefena, gilasai duka a sauke, rediyo a ƙure, ga shi yana ta surutu da ƙarfi ko numfasawa ba ya yi. Na ɗauka kurumta ce ta fara kama shi.

Duk wanda ke wannan harka tamu ya san ƙaramar ƙara ta fi babbar matsala cin rai. Inji ya lalace ka san abin da za ka gyara. Amma ɗan ƙis-ƙis ɗin da ba ka san daga ina yake fitowa ba, shi ke hana ka cin abinci. Ga kuma Tsuntsuwa, da an sa ta a motar sai ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka. Na yi wa kaina alkawari sai na mayar da motar nan wurin da 'yata za ta zauna tana dariya.

Da na ɓalle murfin ƙofar direba sai na tsaya ina kallo. Noti ne, da marafan kwalba, da guntun sarƙa, an zura su a waya an rataye a cikin ƙofar. Ba faɗawa suka yi ba. Ɗaure su aka yi, ɗauri mai kyau, na wanda ya zauna ya natsu. Haka na tarar a ƙofa ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. Akwai a bayan gaban mota, akwai a ƙarƙashin kujerar baya. Sai da na cika tsohon gwangwanin fenti da su.

Na kai wa abokina mai walda ya gani. Ya girgiza gwangwanin a kunnensa, ya ce, "Wannan tsohon naka ko dai makaɗi ne, ko kuma kansa da motsi." Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan na duƙufa. Mai walda ya ɗaura mini sabuwar salansa. Na shimfiɗa roba mai kauri da soso a cikin ƙofofi, da ƙasa, da rufi. Na canza robobin bakin gilashi. Rigunan kujeru da hannuna na ɗinka su. Tsohon rediyon na cire shi, ina jiran sabo. Har tsayi na rage mata, ta ɗan kwanta ƙasa don kyau. Da na rufe ƙofa na tayar da ita a ranar, sai da na duba allurar gaban sitiyari kafin na yarda injin yana aiki.

Da na isa, Inna tana bakin ƙofa da yarinyar a hannu.

"Ikon Allah, ban ma ji zuwanka ba," in ji ta.

"Aikin ɗanki ne, Inna."

"To sarkin aiki, kama hanya. Rana ta faɗi."

Na zaunar da Tsuntsuwa a baya, na ɗaura mata bel. Ta shafa sabuwar kujerar, ta dube ni. Ba ta toshe kunne ba. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Hanyar doguwa ce, ba kowa a kanta. Gonaki dama da hagu, sai wani tsohon ramin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa. Sama ta yi ja, tana komawa toka-toka. Na kunna fitila. A cikin motar ba ka jin komai sai muryar yarinyar, tana ba ni labarin ɗan akuyar Inna da ya cinye mata takalmi. Ƙamshin sabon gam da soso ya cika ko'ina.

Wajen ramin dutsen nan ƙamshin ya canza. Wani wari ya taso daga baya, irin na tufafin da suka daɗe a rufe cikin akwati.

Sai bayan motar ya ɗan nutsa ta hagu. Kaɗan. Kamar mutum ya gyara zama.

"Baba, ɗan akuyar nan fa sai ya..."

Ba ta ƙarasa ba.

Na jira. Tsuntsuwa ba ta barin magana a rabi, ko da bakinta cike yake da abinci.

A nan na fara jin sautin. Siriri ne, ƙasa-ƙasa, yana hawa yana sauka. Zuciyar mai gyara ta ce boris ne, ƙarfen da tayar baya take juyawa a kansa. Na ɗaga ƙafa daga totur, sautin bai canza ba. Na taka kuloci na sa ta a firi, bai canza ba, na mayar da ita giya. Na kasa kunne sosai.

Yana tsayawa, ya ja numfashi, ya ci gaba.

Boris ba ya numfashi.

Waƙar rarrashi ce. Babu kalmomi a cikinta, baki a rufe ake yin ta.

Na ɗaga ido na dubi madubi.

Tsuntsuwa ta kwanta ta gefen hagu, idanunta a rufe. Amma kanta bai taɓa kujera ba. Yana sama da ita da kamar tafin hannu, a kan babu komai. Soson da na ɗinka wa riga ya lotsa a gefenta, lotsawar zaman babban mutum. Kitsonta yana motsi. Ɗaya ya kwanta, na kusa da shi ya kwanta, ana shafa su a hankali.

"Tsuntsuwa," na ce.

Muryata ta fito ta mutu a bakina. Soson da na liƙa ya shanye ta.

"Tsuntsuwa. Tashi, ga gida."

Waƙar ta tsaya. Wani sanyi ya taɓa mini ƙeya. Aka yi magana dab da kunnena, cikin raɗa, muryar ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

"Yi shiru. Yanzu ta samu barci."

Na ce bari in taka birki. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ta manne a kan totur ta yi nauyi, kamar ba tawa ba.

Na danna hon da gwiwar hannu. Na ji shi can nesa, kamar a wani gari ake yi.

Na kama mariƙin gilashi. Yatsuna suka zame.

Waƙar ta dawo. Yanzu har da ni ake yi wa.

Barci ya zubo mini. Ban taɓa jin irinsa ba, mai daɗi, mai ɗumi. Fatar idona ta yi nauyi. Farin layin titi ya rabu biyu. Na fara addu'a, kalmomin suna zubewa tun kafin su kai harshe. Na ciji harshen da ƙarfi har na ji gishirin jini.

"Don Allah," na ce. "'Yata ce."

"Kai ma kwanta."

A madubi ƙirjin yarinyar yana ɗagawa, ya daɗe, sannan ya sauka. Tsakanin numfashi da numfashi yana ƙara nisa.

A lokacin na gane amfanin notin nan da marafan kwalba. Na gane surutun dattijo. Ƙarar ce take hana abin sakewa, ni kuma na bi ta ɗaya bayan ɗaya na kashe. Gwangwanin yana can gida ƙarƙashin tebur. Babu rediyo. Babu ko ƙusa ɗaya mai motsi a motar, don da hannuna na ɗaure kowace.

Ina ji ina gani ana ɗauke mini 'ya, tazarar hannu ɗaya a bayana.

Kaina ya faɗi kan sitiyari. Na ɗago da ƙyar.

Fitila ta haska tarin duwatsu a gefen titi, waɗanda masu gyaran hanya suka zube suka tafi.

Motar a ƙasa take. Ni na saukar da ita.

Hannuwana sun mutu. Kafaɗa ta rage mini. Na jingina ta da sitiyari, na saki nauyina duka.

Motar ta sauka daga kwalta. Duwatsun suka shiga ƙarƙashinta. Wani abu ya daki ƙasa, ƙarfe ya yage.

Salansa ta tsinke.

Injin ya yi ruri. Ƙarar ta shigo ta ƙarƙashin ƙafafuna, ta cika motar, ta girgiza haƙorana. Guntun bututu yana jan ƙasa yana kururuwa. Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba.

Waƙar ta yanke.

Aka ja tsaki, dogo, a cikin kunnena.

Bayan motar ya ɗago. Na ji kan Tsuntsuwa ya faɗi kan kujera.

Ƙafata ta dawo. Na murɗe sitiyari na koma kwalta, na take totur har ƙasa, hannu ɗaya a kan hon. Ina tuƙi ina ihun sunanta. Ban tsaya ba sai ƙofar asibiti.

Ba ta farka ba. An tsikare ta, an haska mata ido, an ɗebi jini. Uwarta ta iso ko mayafi babu. Likita ya ce numfashi daidai, zuciya daidai, barci kawai take yi. Sai washegari da hantsi ta buɗe ido, ta ce ruwa take so. Muka yi ta godiya ga Allah, muka ɗauka an wuce wurin.

Bayan kwana biyu na je wurin dattijon. Yana cikin katakonsa, injin yanka yana ta ƙara a bayansa. Da ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba.

"Ashe ka cire ƙarafan nan," ya ce.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka za ka saya?"

Na matsa kusa da shi, na sake tambaya.

"Mene ne a ciki?"

"Ban sani ba, ɗana. Haka na same ta. Wanda ya sayar mini ya ce kada in bari ta yi shiru, ban bari ba."

"To yanzu yaya zan yi da yarinyar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ba a taɓa riƙe mini kowa ba."

Na mayar da ƙarafan duka, kowane a inda na ciro shi. Na ɓamɓare soson na ƙone. Motar tana nan a bayan gida, ban sayar ba, don ban san wanda zan ɗora wa ba. Na sha zama a cikinta a kashe, gilasai a rufe, ina roƙo a yi magana da ni. Warin nan babu shi. Kujerar ba ta lotsawa. Ko mene ne, ya bar motar.

Tsuntsuwa tana ci, tana wasa, tana surutunta. Tashi daga barci ne kawai yake ƙara yi mata wuya. Da farko sai an kira ta sau da yawa. Daga baya sai an girgiza ta. Yanzu sai an zaunar da ita, an shafa mata ruwa, ana tafi a kunnenta. Mun koma asibiti, mun je wurin masu addu'a, kowa ya yi iya yinsa. Rediyo ba ya mutuwa a ɗakinmu. Duk da haka kullum lokacin farkawarta yana ƙara matsawa gaba, kaɗan-kaɗan, ba ya komawa baya.

Yau rana ta take tsaka ba ta motsa ba. Uwarta ta yi kira har muryarta ta dishe. Sai ta saki hannun yarinyar, ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba.

"Baban Tsuntsuwa," ta ce, "kai da ka iya gyara komai."

Na durƙusa a bakin gadon, na kai bakina kunnen 'yata, na ci gaba da kiran sunanta.