Ƙwallon da Ya Yi Sanƙo

Marin ya sauka kafin Falwaya ta gama sauke bokitin ruwan daga kanta! Bokitin ya kife, ƙwallon kwandon da ke hannunta ya gangara cikin kwata. Falwaya ake ce mata saboda tsayi, tun ranar da iyayenta suka rasu aka kawo ta gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. "Ni za ki hana sakat da dim-dim ɗin nan?" Gwaggo ta daka mata tsawa. "Ubanki ma ya yi tsalle-tsallen ya gaji, me ya bar miki?" Yarinyar ta durƙusa tana tsamo ƙwallon, hawaye na ɗiga a kansa. "Ki yi haƙuri, Gwaggo... zan sake ɗebowa."

Asalin ƙwallon nan abin mamaki ne. Koci, wata dattijuwa mai ɗingishi da ke horar da 'yan matan unguwar, mace ce da ba a gane inda ta dosa. Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar da za ta tafi gasa, mai shi kuma za ta samu ɗaki da karatu a makarantar wasanni. 'Yan mata biyu ke nemansa: Falwaya da Lele, 'yar Gwaggo tilo. Da hutu ya zo, maimakon gwaji, sai Koci ta miƙa wa kowacce sabon ƙwallo dal, mai ƙurajen nan masu kama tafin hannu, ta ce, "Ku dawo mini da shi bayan hutu." Shi ke nan fa! Iyaye suka yi ta zancen. Amana take gwadawa? Tsafta? Ko dai tsufa ne ya fara taɓa ta?

Gwaggo, wadda ita ce shugabar kwamitin iyaye, ta yanke cewa amana ce. Ta naɗe ƙwallon Lele a zane ta kulle a durowa, sai jifa-jifa a fito da shi a goge. Falwaya kuwa ba ta san amsar ba, ta dai san hannunta na ƙaiƙayi in ta ga ƙwallo. Amma ina lokacin? Wanki nata, shara nata, ruwan gidan kaf ita ke ɗebowa daga famfon ƙarshen titi. Takalman wasanta ma Gwaggo ta ƙwace ta ba Lele, wai na marainiya sun fi laushi. Sai ta riƙa tafiya famfo da ƙwallon, tana buga shi a kan tsakuwar titi da silifas. Yatsunta suka tsage, ta sha duka, aka hana ta abinci, aka ɓoye ƙwallon a bayan buhun gawayi ta tono shi. Wata safiya ta dube shi sai ta ga ƙurajen sun shafe, rubutun ya goge, ya yi sumul kamar kan tsoho. "Wayyo Allah, na lalata kayan mutane!" ta ce tana kuka. "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata, kada Ka bar ni a gidan nan..."

Ranar komawa fili ya cika da iyaye. Gwaggo ta shigo tana jan Falwaya da kunne, ta dangwarar da ƙwallon a gaban Koci. "Ga aikin 'yar da ba ta gaji arziki ba! Ga na 'yata kuma, ko ƙura bai sani ba." Koci ta ɗauki mai sanƙon, ta juya shi, ta shafa, ta sake juyawa kamar mai zaɓen kankana. Ba fushi a fuskarta, sai son jin labari.

"Hajiya, ya aka yi ya zama haka?"

"Ya za a yi kuwa? Na doke ta, na hana ta abinci, ba ta daina ba. Ko famfo na aike ta, da bokiti a ka tana tafe tana buga shi!"

"Da bokiti a ka? Da wane hannun take bugawa?"

"Hagu mana, hannun dama na riƙe da bokiti."

"Tana kallonsa?"

"Ta ina za ta sunkuya da ruwa a ka? Sai ka ce aljana!"

Gwaggo ta waiga tana jiran a taya ta, ba wanda ya ko yi tari. Koci ta cilla wa Falwaya ƙwallon, ta tsayar da manyan 'yan wasanta uku a gabanta. "'Yata, wuce su." Yarinyar ta share hawaye, ta cire silifas. Dim... dim... dim! Kanta a miƙe, idonta a kan mutane, ƙwallon na bin hagunta kamar ɗan akuya da uwarsa. Ta wuce ta farko, ta zille wa ta biyu, ta uku ta kai hannu ta damƙi iska, ƙwallon ya faɗa kwando.

Idon Koci ya cika da ƙwalla. "Shekaru nake roƙon yara su ɗaga kai su yi wasa da hagu. Ni ba ajiya na ba ku ba. Bakin yaro zai iya ce mini ya yi aiki, amma fatar ƙwallo ba ta iya ƙarya, kuma a wurina ba a gadon rigar wasa, guminta ake yi. Gurbin na Falwaya ne." Ta ɗaga na Lele mai sheƙi. "Wannan kam ya sha hutu." Dariya ta ɓarke. Lele ta fashe da kuka, ta tuɓe takalman ta ajiye a gaban 'yar'uwarta. Iyayen kuwa, da suka ji duka da yunwar daga bakin mai yin su, a take suka sauke Gwaggo daga kujerarta. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa!

Falwaya ta rungume Koci tana sheshsheƙa. "Ashe ban yi laifi ba?"

"Laifinki ɗaya," in ji Koci, "ba ki kawo mini bokitin in ba sauran 'yan wasan ba."

Ranar da ƙungiyar ta dawo da kofi, motarsu ta bi ta ƙarshen titin. Falwaya na bakin taga da rigar wasa, tsohon ƙwallon a cinyarta. A layin famfo ta hango Gwaggo, bokiti a gabanta, tana waige-waigen mai ɗora mata. Falwaya ta roƙi direba ya tsaya. Ta sauka, ta ɗaga bokitin ta ɗora mata a ka, ta ce a hankali, "Ki ɗaga kai, Gwaggo, in kin sunkuya zubewa yake."