Mara ko Cika

Hawayen Auta ya ɗiga a kan littafin, tawada ta bazu.

Saura kwana tara jarrabawar shiga babbar makaranta, ga shi sati uku ke nan da Baba ya hana malamin lissafi taka ƙofar gidan. Malamin da ya fara da koya mata darasi, ya ƙare da son aurenta.

Wata 'yar ajinsu, wadda ita ma take son malamin, ita ta bi Baba har shagonsa na kafinta, ta tsegunta masa cewa kullum ana ganin malamin cikin 'yan mata. Tun ranar hankalin Baba bai kwanta ba.

Ya shigo falo da garin katako a hularsa, ya zauna a hannun kujera.

"Autata... lissafin ne ko shi?"

"Duka, Baba."

Ya ce ta karanta masa, duk da shi iyakarsa awon katako. Ta share ido ta yi bayani. An ɓoye wata lamba, ana tambaya mara ce ko cika, an ba da bayani biyu. Ba lambar ake nema ba, so ake a gane wane bayani ne ya isa a yanke hukunci.

Na farko: in an ninka ta biyu, cika take bayarwa.

"To ai cika ce."

"Uku sau biyu, Baba?"

"Shida."

"Huɗu fa?"

"Takwas..." Ya gyaɗa kai. "Ashe kowace lamba haka take yi. Wannan bai faɗi komai ba."

"Gaskiya ce, amma ba ta isa ba." Ta sunkuyar da kai. "Mu talatin ne a aji, ashirin mata. Wane malami ne ba za a gani cikin mata ba?"

Baba ya cire hula yana jujjuya ta.

Na biyu ya ce in an ƙara mata ɗaya, sai ta zama cika. Wannan Baba da kansa ya gano, mara ce.

Nan idonsa ya faɗa kan wani rubutu da jan biro a gefen shafin: "Hasken idona, kada ki kira ni. Ba zan saurari muryarki a bayan idon Baba ba, ko kewa za ta kashe ni."

Ta ce malamin ne ya rubuta ranar da aka kore shi. Sau goma ta kira, bai ɗauka ba.

Baba ya daɗe yana kallon rubutun.

"Wannan shi kaɗai ya isa," ya ce a hankali. "Ke ɗaya ce, Autata, mara. Ci jarrabawarki, ya turo manyansa a ƙara ɗaya."

Auta ta rufe fuska da littafin.