Jirgin da Ya Faɗa Gidan Malam Tukur

Ranar da Gazali ya fara ganin Sadiyatu, ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Hoton biki yake ɗauka a Ƙofar Rini da ɗan jirginsa mai kyamara, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Garin neman burgewa ya haura da shi katangar maƙwabta, batir ya mutu, jirgin ya rikito tsakar gidan Malam Tukur, daidai inda matarsa ke zaune babu ɗankwali ana yi mata kitso.

Sadiyatu, ɗiyar gidan, ita ta leƙo zaure da ya zo karɓar jirgin ya yi sallama.

"Kai ne mai leƙen gidan mutane ta sama?"

Ya kasa ɗaga kai. Bawan Allah har rimot ɗin yake ɓoyewa a bayansa, sai ka ce shi ne laifin. Dariya ta kusa ƙwace mata.

Malam Tukur kuwa a filin jirgin sama ya yi aiki har ya yi ritaya, bai ga abin dariya ba.

"Kana da izinin hukumar jiragen sama?"

"Babu, Baba."

"Doka ta hana tashin wanga abu bisa gidajen mutane. Tun kafin doka ma, kunya ta hana." Ya shige da jirgin ciki.

Washegari saƙo ya shigo wayar Gazali. A jikin jirgin Sadiyatu ta ga lambarsa.

"Direban sama, jirginka na gaishe ka daga saman wadirof ɗin Baba."

Ya amsa: "Ki ba Inna haƙuri. Wallahi ko titinku na kasa bi."

Daga nan hira ta yi daɗi, har ta zama so. Da ya turo magabatansa, Malam Tukur ya ce bai ba ɓarawon kallo ɗiyarsa, ga Tambari mai babban kamfanin hoto da lasisinsa yana nema.

Samun izinin nan ba wasa ba ne ga mai ƙaramin shago: rajista, tantancewa, sai jira. Abokan sana'arsa a ɓoye suke tashi, har tayin aron jirgi suka yi masa, ya ƙi. Ya koma ɗaukar hoto a ƙasa, masu biki suka yi ta gudu wurin Tambari.

"Kar ka karaya, Direbana," ta rubuta. "Ni a ƙasa nake son ka."

Da izinin ya fito, Gazali ya je ya durƙusa a zauren Malam Tukur. Tsohon ko kallon takardar bai yi ba.

"Tambaya ɗaya. Ran nan, ka ga iyalina ta allon rimot ɗinka?"

Da ya ce a'a, ba mai ƙaryata shi.

"Na gani, Baba. Shi ya fi komai damuna."

Malam Tukur ya jawo takardar ya duba. Can ya ce, "Da ka ce ba ka gani ba, da ka tashi ka ba ni wuri."

Ranar ɗaurin aure ba a tashi jirgi ba, ango ya hana. Bayan an shafa fatiha surukinsa ya miƙa masa jirginsa a kwali.

"Tsakar gidana babu rufi, amma gidan yana da ƙofa. Shiga ka gai da Innarku. Allah shi yi muku albarka."

Gazali ya cire takalmi, ya yi sallama har sau uku. Daga ciki Inna ta ce, "Shigo mana ɗana, yau na ɗaura ɗankwalina."