Digiri Sittin, Minti Ashirin

Da hantsi Farfesa ya kira ofishin 'yan sanda. An lalata masa fatun kolajin guda takwas, ana gobe za a shimfiɗa su a bayan 'yarsa da ta ƙone.

Sufeton da aka turo ɗakin binciken Farfesa bai san kolajin ba, kuma ba ya kunyar tambaya.

"Daga fatar kifi muke tace shi," in ji Farfesa. "A kan ƙuna ake ɗora shi, sabuwar tsoka ta bi ta tofo. Sanyi yake so. Ya ji zafi, ya tashi aiki."

Sufeto ya buɗe firij. Sanyi ƙalau, ledojin a jere tsaf, amma abin da ke ciki ya narke kamar kitse. An dafa su ne, aka mayar.

Ma'aikaciyar ɗakin, wadda suke kira Mai-Sikeli saboda tsantseninta, tana goge tebur.

"Yaushe rabonki da su?"

"Tun Alhamis, ranka ya daɗe."

"Tukunyar ɗumama kwalabe fa?"

"Mako guda ba a kunna ta ba."

Littafin aiki na rataye jikin tukunyar. Sufeto ya buɗe shafin ƙarshe, ya karanta mata: "Jiya, digiri sittin, minti ashirin." Shekara goma sha biyu tana rubuta duk abin da ta kunna, hannu ya saba har ya tona mata asiri.

Ta ajiye tsumman. Ko gezau.

"Ni ce. Bara ƙanena ya ƙone a wurin walda. Na durƙusa wa mutumin nan, fata ɗaya tak na roƙa, wadda na haɗa da hannuna. Ya ce ba a ba da izinin gwadawa a jikin mutum ba. Kwana tara ƙanena yana ihu kafin ya cika. Har yau izinin bai fito ba, amma da yake 'yarsa ce..." Ta juya ga Farfesa. "Je ka tsaya bakin gadonta hannu wofi, ka ji yadda na ji!"

Farfesa ya sunkuyar da kai.

Tausayinta ya kama Sufeto, haushinta ma haka. Ya ɗaura mata ankwa, ya ce wa Farfesa shi ma ya biyo su, akwai tambayoyi kan izinin.

A bakin ƙofa Sufeto ya ce mata, "Kin rama a kansa, 'yar'uwa. Yarinyar fa? Shekararta shida."

Har suka isa mota ba ta ɗago kai ba.