Baƙi Ba Ya Zuwa Sau Uku

Ranar da Zaharaddeen ya fara ganin Rahama a zauren gasar ces a Gusau, sai ya shagala aka cinye shi. Ces darar Turawa ce mai 'ya'ya farare da baƙaƙe, kuma mai farare ke fara tafiya. Rahama ta rako babanta ne daga Tsafe, Malam Dalhatu, alƙalin gasar.

"Malam, allo za ka kalla, ba ni ba," ta ce wa Zaharaddeen tana ƙunshe dariya.

"Ai ke kika kayar da ni, ba abokin wasana ba."

Soyayya ta kama su ba sauƙi. Sau biyu manyansa suka zo daga Furfuri neman aurenta, sau biyu Malam ya mayar da su, don Bashar yake so mata, ɗan ƙanensa da ya koya wa wasan da hannunsa.

A gasar 1998 samarin biyu suka haɗu a zagayen ƙarshe. Bashar ya tsaya wa Malam a kai.

"Baba, ni za ka ba farare."

"Wanga yaro baƙi biyu ya riƙa a jere, Bashar. Doka ta hana na uku."

Bashar ya kife teburin, ya sunkuci kujerar ƙarfe ya nufi kan dattijon. Zaharaddeen ya tare da hannu. Kowa ya ji ƙarar ƙashi. Duka na biyu ya fasa masa goshi, jini ya wanke fararen 'ya'yan da suka zube. Da ƙyar aka danne Bashar.

Rahama ta durƙusa tana ɗaure masa kai da gyalenta, tana kuka.

"Sannu, nawan. Kada ka tafi ka bar ni."

"Ina zan je, Rahamata?"

Bayan ɗori ya kama, Malam ya kira shi zaure. Ya miƙo hannuwa biyu a dunƙule, kowanne da ɗan ces a ciki, yadda ake ƙuri'ar launi.

"Zaɓi. In fari ne, na ba ka ɗiyata."

Zaharaddeen ya miƙa hannu. Ya taɓa na dama. Fari ne. Malam ya buɗe na hagu, shi ma fari.

"Sau biyu na mayar da manyanka, baƙi biyu ke nan na ba ka a jere, ɗana. Ni ma doka ta hau kaina."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Tsafe. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.