Lambar Mzee Kaggwa

Gab da magariba Ssentamu ya koma ofis don ya tayar da babbar na'ura, saboda an ɗauke wuta lokacin ruwan sama. A wancan zamanin a Kampala, sai ka kira ta wayar gida kake shiga intanet. Duk wanda ya kira, na'urar Ssentamu ta ara masa lambar adireshi, in ya ajiye waya lambar ta koma cikin 'yan'uwanta.

Mzee Kaggwa, wato dattijo Kaggwa, shi kaɗai ke da lamba tasa ta kansa. Tsohon malami ne mai tabarau, kullum da magariba yakan kira ya karanta saƙon 'yarsa da ke ƙasar waje. Ya rasu, dangi ba su kai ga naɗa magaji ba. Masu kira suka yi yawa, lambobi suka yi kaɗan, sai Ssentamu ya zuba ta Mzee cikin na aro.

Nabukeera, abokiyar aikinsa, ta ce, "Kai, wa ya raine ka? Ba a taɓa kayan mamaci kafin a zaunar da magaji."

"Haba yaya, lamba ce fa, ba gonar ayaba ba!"

To, a wannan magaribar shi kaɗai ne. Ya kunna na'ura, akwatunan amsa kira suka soma tsuwwarsu. Sai na can ƙarshe ya ɗauka, wanda ya lalace aka cire masa waya tun bara.

Cikin tsuwwar akwai numfashi.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, da warin ƙyallen ɓawon itacen da ake naɗe gawa da shi.

Sunan Kaggwa ya fito a allo, yana neman lambarsa. Na'ura ta amsa cewa tana hannun wani. Ssentamu ya duba. Nanyonjo ce, matarsa, daga gida.

Ya fizgi waya ya kira gida. Layi a cike, tana kan intanet.

Ya katse ta daga na'ura, ya mayar wa tsohon da lambarsa.

"Ga ta, Mzee," ya ce cikin raɗa. "Ka yafe."

Numfashin ya matso bayan kunnensa, da sanyi.

"Ɗana, ai na riga na ga gidan."

Bai tsaya rufe ƙofa ba. Ya haye bodaboda, babur ɗin haya, cikin taɓo.

Ya tarar da Nanyonjo zaune gaban kwamfuta, matoke, ayabar da ta ɗora, na ƙonewa a kan wuta. Ta juyo a hankali, ta kai hannu kamar mai gyara tabarau a hancinta. Ita da ba ta taɓa sa tabarau ba, babu kuma komai a fuskarta.

Daga baya an naɗa magaji, an yi duk abin da ake yi. Nanyonjo tana ci, tana sha, tana noma. Amma da magariba ta yi, sai ta zauna kusa da waya, ta dubi mijinta kamar baƙo, ta ce da muryar tsoho, "Ɗana, 'yata ta aiko?"